Akori-kurar Madam Rifkatu

Da hantsi na iso Kaduna, a tsakiyar damina, akwatin ƙarfe a kafaɗa, 'yar jakar tufafi a hannu. Sunana Laminu, mutumin Damagaram, sana'ata kanikanci. Na yi shekara goma sha bakwai a ƙarƙashin mota kafin in tsallako iyaka, kuma duk abin da na tara a tsawon shekarun nan yana cikin akwatin: sifanoni manya da ƙanana, filaya, guduma, wasu na saya da gumina, wasu maigidana ya bar mini da zai rasu. Abuja na nufa. A gida an ce mana can motoci sun fi masu gyaransu yawa, ni kuma ga mata ga tsohuwa, garejinmu ya yi sanyi.

Ina zaune a kan akwatina a tasha ina cin ƙosai, sai wani mutum ya tsaya a kaina. Farar shadda, hula ta zauna daidai, sai ƙamshin turare. Ya yi mini sallama kamar mun daɗe da sanin juna.

"Malam, wannan akwati ai na masu sana'a ne. Bakanike ne?"

Na ce eh. Da ya ji harshena sai ya yi murmushi, ya ce kakarsa ma 'yar Nijar ce. Ya ce akwai wani babban gareji a Abuja da ke neman irina, kuma shi ma yanzu can zai tafi da direbansa, in zo mu tafi tare, ba sai na biya kuɗin mota ba. Har ruwan leda ya saya mini. Na ce a raina lallai addu'ar tsohuwa ta riga ni isowa.

Aka sa akwatina da jakata a but. Muka ratsa gari, muka hau gadar kogi. Muna sauka daga gadar ya juyo ya dube ni.

"Ka ga daga nan zuwa gaba, ba mutanenmu ba ne. In kai kaɗai ne, ko ruwa ban ba ka shawarar ka tsaya sha ba."

Na gyaɗa kai, na riƙe maganar.

Mun bar gidaje a baya, gonaki sun fara, sai motar ta yi tari ta mutu, a wani wuri da daga baya na san sunansa Kakau. Direba ya murɗa makulli, shiru. Mai shadda ya yi tsaki, ya ce, "Batir ne. Malam Laminu, ga aikinka ya fara tun kafin mu isa. Ɗan taimaka ka tura mu."

Na fita da rawar jiki, ina so su ga ni mai amfani ne. Na sa kafaɗa na tura. Taku biyar ta tashi. Na miƙe ina karkaɗe hannu, ina jira ta tsaya. Na ɗauka wuri mai kyau suke nema a gefen titi, har ina ɗaga musu hannu ina dariya. Sai da na ga ta ƙara wuta sannan na fara gudu, na yi ta gudu har silifas ɗina ya tsinke.

Abin da ya fi ci mini rai har yau shi ne, da kunnena na ji injin nan lafiyarsa ƙalau, direban ne ya kashe shi da hannunsa. Na ji, na sani, amma na fita na tura.

Abin da ya rage mini a duniya shi ne katin shaida, da carbi, da wayar da layinta ba ya aiki a ƙasar nan. Ina tsaye a gefen titi hadari ya haɗo, ruwa ya kece. Ga wata rumfa can ta mata masu gasa masara, amma maganar mai shadda tana kunnena, sai na gwammace in tsaya ruwa ya dake ni.

"Kai! Mai silifas ɗaya! Kai agwagwa ne? Shigo mana!"

Wata dattijuwa ce mai ƙiba, da ƙaramin gicciye a wuya, tana yi mini hannu da mafici. Na shiga a ɗarare, na raɓe a bakin rumfa. Ta ce sunanta Mama Ladi, kuma duk abin da ya faru a kan idonta aka yi.

"Ba kai ne na farko ba," in ji ta. "Da na san da kai a ciki, da na yi ihu tun kafin ka fito. Zauna."

Ta miƙo mini masara mai zafi da tsagin kwakwa. Na tsaya ina kallon masarar, ina kallon gicciyen. Ta gane. Ta kwashe da dariya har tana buga cinya.

"Masara ce, Malam. Ba ta zuwa coci, ba ta zuwa masallaci. Ci."

Na ci, ina ci hawaye na zuba, ita kuwa ta juya baya ta ci gaba da fifita garwashinta kamar ba ta gani ba.

Kwana shida na yi a Kakau. Mijinta ya ba ni ɗakin da suke ajiye hatsi, da tabarma, da wata tsohuwar riga. Da safe in bi su gona, mu karyo masara, mu tsinko kuɓewa. Ban saba da irin wannan ƙasa ba, ja, mai danƙo, ga ciyawa ta fi mutum tsawo, ga sauro. Da yamma mata su zauna suna ɓare masara suna waƙoƙin cocinsu da Hausa, irin Hausar da nake ji sarai amma ba ta gidanmu ba. A lokacin ne kewa take kama ni. In tuna furar tsohuwa, in tuna yadda mai ɗakina Rakiya take ajiye mini ruwa da toka a bakin ƙofa don in wanke baƙin mai kafin in shiga ɗaki. Kullum Mama Ladi sai ta miƙo mini wayarta ta ce in kira gida, kullum in ce sai gobe. Me zan ce musu? In ce na sa kafaɗata na tura kayan aikina sun tafi?

A kwana na huɗu na lura buhuna suna ta taruwa a ƙarƙashin wata ɗorawa, ba mai ɗauka. Kuɓewa ta fara baƙi, ɗanyar masara ta fara yaushi. Mata suna ta cacar baki. Na tambaya, aka ce akori-kurar Madam Rifkatu ce ba ta zo ba. Ita kaɗai ce ke yarda ta shigo hanyar gonakin nan cikin taɓo, ta kwashi kayan matan ta kai kasuwa. Sauran direbobi a bakin kwalta suke tsayawa. Yau kusan mako motar tana gareji a Romi, an rasa yadda za a yi da ita.

A rana ta shida Mama Ladi ta tsare ni.

"Ba ka ce kai bakanike ba ne?"

"Bakaniken da ba shi da ko sifana ɗaya, Mama."

"Hannun naka ma sun tafi da shi?"

Na dubi hannuwana. Ta kira Madam Rifkatu a waya, ta ɗora ni a kan acaɓa, ta gaya wa mai babur inda zai sauke ni, ta cusa mini dafaffiyar gyaɗa a aljihu.

Garejin Romi ba wani babba ba ne. Rumfar kwano ce a gindin mangwaro, da gawarwakin motoci biyu da ciyawa ta tsiro a cikinsu. Mutum uku na tarar. Mai garejin, Baba Pam, wani ƙaton dattijo mutumin Filato, kai fari fat, yana zaune a benci da sanda tsakanin ƙafafunsa. Sai Bitrus, mai walda, wanda zai girme ni da 'yan shekaru. Sai ita Madam Rifkatu, gajeriya, mai murya kamar ta mutum uku, ta ci ɗamara da gyale. Mijinta ya rasu ya bar mata yara da motar nan, ita take tuƙa abinta da kanta.

Labarin da na samu shi ne, bakaniken garejin ya sauke giyabos, ya ɗaura sabon kuloci, sai ya sami wani aiki a Abuja ya yi tafiyarsa. Tun ranar Bitrus yake fama ya mayar da giyabos ɗin, ya ƙi zama.

Na leƙa ƙarƙashin motar, na ce, "Ambirayaj kuka canja, bwat ɗin ya ƙi shiga?"

Suka dubi juna. Bitrus ya ce, "Me ya ce?"

Sai da na nuna da yatsa sannan suka gane. Mu a can da sunan Faransanci muka san kayan mota. Bitrus ya yi dariya har ya riƙe ciki, daga ranar ya raɗa mini Ɗan Faransa.

Ga wanda bai san aikin ba, abin mai sauƙin ganewa ne. A hancin giyabos akwai wata sandar ƙarfe mai haƙora. Dole sandar nan ta shige ramin da ke tsakiyar faifan kuloci, haƙori ya faɗa cikin haƙori, sannan giyabos ya manne da inji. In faifan ya karkace ko da kaɗan ne, ba za ta shiga ba, ko ƙarti goma ne suke turawa. Wannan na tarar da shi a rataye, tsakaninsa da inji tazarar yatsu uku, Bitrus kuma ya riga ya yanko dogayen kusoshi zai ɗaure ya jawo shi da ƙarfi.

Na riƙe hannunsa. "Kada ka ja shi da kusa. Ko dai ka lanƙwasa faifan, ko bakin giyabos ɗin ya tsage. In ya tsage an gama."

Ya fizge hannunsa. "Yau ka zo, za ka koya mini aiki?"

Madam ta shiga tsakani. Ta dube ni tun daga kai har silifas ɗin aro da ke ƙafata.

"Mama Ladi ta ce kai mutumin kirki ne. Amma kirki ba ya gyara mota. In ka fasa mini ita fa? A ina zan gan ka?"

Ba ni da abin da zan ba ta. Na ciro katin shaidata na miƙa mata. Ta juya shi, ta kasa karanta Faransancin, ta ƙulle shi a bakin zaninta.

"Bismilla," in ji ta.

Muka sauko da giyabos ɗin ƙasa. Na sassauta murfin kulocin, na ga kamar faifan ya ɗan zame gefe. Na nemi abin saita shi, babu. Sai na sami wata karyayyiyar ƙotar fartanya, na ari wuƙa na feƙe ta daidai ramin, na zura, faifan ya zauna a tsakiya cif. Na ɗaure kusoshin murfin kaɗan-kaɗan, wannan sannan wanda ke fuskantarsa, har suka ɗauru. Raina ya yi fari. Har na fara tunanin irin kallon da zan yi wa Bitrus.

Muka ɗaga. Ya tafi, ya tafi, ya tsaya. Yatsu uku.

Muka sauke, na sake saitawa, muka sake ɗagawa. Yatsu uku. Na jijjiga, na murza, na ɗaga gindi, na sauke hanci. Kwalin da nake kwance a kai ya jiƙe ya narke, taɓo ya shige mini riga. Sau uku muna yi har la'asar ta yi sanyi. A na ukun Bitrus ya saki, ya miƙe yana goge hannu.

"Madam, ga Faransa nan. Kin gani."

Ita kuwa ta juya mana baya, hakan ya fi mini zagi zafi. Na ci gaba da kwanciya a ƙarƙashin motar don kada su ga fuskata. Wallahi har na fara duba ta inda zan silale in bar musu katin.

Sai na ji murya mai kauri, wadda tun zuwana ban ji ta ba.

"Malam, fito."

Baba Pam ne. Na fito na durƙusa gabansa.

"Kwance faifan ka kawo mini. Bitrus, je ka cikin tarkace ka nemo tsohon faifan da aka cire."

Aka kawo masa duka biyun, ya ɗora su a kan cinya. Bai dube su ba. Fuskarsa tana sama wajen ganyen mangwaro, babban yatsansa kuma yana cikin ramin faifan, yana bin haƙoran ɗaya bayan ɗaya, leɓensa na motsi. Ya gama da tsohon, ya koma sabon. A lokacin ne na kalli idanunsa da kyau, na ga fari ya lulluɓe su.

"Tsohon ya fi sabon da haƙori ɗaya," in ji shi. "Sabon ba na motar nan ba ne. Malam, ka gwada faifan a kan sandar kafin ka ɗaura?"

"Ban gwada ba, Baba."

Wannan abu tun shekarata ta farko a koyon aiki na san shi. Gaggawar in nuna iyawa ce ta sa na tsallake. Na sunkuyar da kai ina jiran faɗa. Sai ya dafa kafaɗata, ya yi ƙasa da murya.

"Ba laifinka ba ne kai kaɗai. Da idona na nan, da ban bari an ɗaura shi ba tun farko."

Bitrus ya kau da kai. Madam ta shiga gyara ɗaurin kallabinta. Na gane kowa ya san tsohon ba ya gani, amma wannan ne karo na farko da ya faɗa da bakinsa.

A rumfar garejin na kwana. Da safe Madam ta zo da takardar shagon da aka sayo faifan. Shagon yana kasuwar kayan mota, can tsallaken kogi. Na ga tana ta juya takardar a hannu, matar da jiya muryarta ta cika unguwa.

"A can aka haife ni," in ji ta. "Tun lokacin rikici da muka taso, ban sake taka unguwannin nan da ƙafata ba. Aike nake yi." Ta dube ni ta ce, "Ka san garin?"

"Ban sani ba, Madam."

"To, ni na san hanya, kai ka san bakinsu. Tashi mu je."

Muka shiga keke. Muna haye gada ta ja gyalenta ta rufe kai. Can sai ta fara nuna mini wurare da haɓa. Nan makarantarsu take. Can layin ne babanta yake da shagon ɗinki. Wancan kwanar akwai rijiyar da suke ɗiban ruwa.

Mai shagon wani matashin Alhaji ne. Yana ganin faifan ya girgiza kai, ya ce an riga an ɗaura shi, ga shatin kusa, ga baƙin mai, ba ya karɓar kayan da aka yi aiki da su. Madam ta ja numfashi za ta fara. Na ce, "Madam, bari." Na gaida shi gaisuwa mai tsawo, na tambayi iyali da kasuwa, sannan na ajiye faifai biyun a gabansa.

"Alhaji, baƙin man nan hannuna ne, ni na ɓata shi, ban musa ba. Amma don Allah ƙirga haƙoran da kanka. Matar nan marayu take riƙo, kuma akwai matan ƙauye da kayan gonarsu ke ruɓewa suna jiran motarta."

Ya ɗauko biro ya bi haƙoran da tsininsa. Ya sake bi. Ya cire hula ya sosa kai.

"Kuskuren daga wajenmu ne. Hajiya, ki yi haƙuri."

Ya shiga ciki ya fito da wani, muka gwada shi da tsohon, suka zo daidai. Har ya ƙara mana da ɗan gwangwanin giris. Muna fitowa Madam ta ce, "Ka ji wai Hajiya," tana dariya ƙasa-ƙasa. Sai ta ja ta tsaya gaban wata mai tuyar waina, ta sayi cike da leda, ta fara ci a tsaye tun da zafinta.

"Irin wannan babu a wajenmu," in ji ta, baki cike. "Shekara da shekaru ina marmarinta. Ungo."

Da muka koma Romi, kafin in taɓa komai sai da na ɗauki sabon faifan na zura a sandar giyabos a gaban kowa. Ya shige sumul kamar zobe a yatsa. Na kai wa Baba Pam ya shafa da hannunsa, ya ce, "Yauwa." Na goge fuskar inji da fetur har ba sauran maiƙo, na shafa giris ɗan kaɗan a haƙoran sandar, na saita faifan da ƙotar fartanyata, na ɗaure.

Saura ɗagawa. Jak ɗin garejin yana zubar da mai, in ka ɗaga sai ya riƙa sauka a hankali. Muka ɗora katako a kansa, muka ɗora giyabos a kan katakon. Ban roƙi Bitrus ba, da kansa ya tuɓe riga ya shigo ya kwanta kusa da ni, ya tallabe gindin da kafaɗarsa. Na sa giya ta huɗu, don in an murza bayan giyabos ɗin, sandar gaba ma ta juya, haƙoran su nemi juna. Amma hannuwanmu huɗu duk suna ɗauke da nauyi, ba mai murzawa.

"Matsa," in ji Madam. Ta tattare zani, ta rarrafo ƙarƙashin motar cikin taɓo. "Nuna mini abin da zan juya."

Baba Pam ya jawo bencinsa kusa, ya karkato da kunne.

Muka tura. Ya tsaya a wurinsa na jiya. Ƙarfen nan ya kai nauyin buhun hatsi, ga shi yana saman ƙirjina, jak yana ta sauka.

"Kada ku tura," in ji Baba. "Ina jin yana gugar sama. Bitrus, ɗaga gindin kaɗan. Kaɗan na ce! Yauwa, tsaya nan. Rifkatu, juya a hankali."

Ta juya. Na ji haƙoran suna taɓa juna, ƙas, ƙas, ƙas. Gumi ya shige mini ido, ba halin gogewa. Sai kawai na ji nauyin ya bar hannuna, giyabos ya zame gaba da kansa, ya haɗu da inji, ƙwal!

Bitrus ya ce, "Yesu!" Ni kuma na ce, "Allahu Akbar!" A tare muka faɗa. Muka dubi juna a kwance cikin taɓo, dariya ta ƙwace mana, Madam tana dukan bayanmu tana cewa mu sa kusa tukuna kafin ya canja ra'ayi.

Na sa kusoshin da yatsa har suka shige, sannan na ɗaure da sifana. Muka mayar da furofela mai juya tayoyin baya, da sitata, da wayar kuloci, da sandar giya, na zuba mai. Azahar ta gota Madam ta hau. Ta taka kuloci, ta sa giya ta ɗaya, ba ƙara ba gurnani. Motar ta tashi lafiya lau, ta fita daga gindin mangwaro.

"Shigo, Malam Laminu," in ji ta. "In za ta mutu, ta mutu da kai a ciki."

Ba ta mutu ba. Muna karya kwanar gonakin Kakau mata suka fito suna guɗa. Kuɓewar da yawa ta riga ta lalace, sai zubarwa aka yi, amma masarar da tattasai sun tsira. Sawu uku muka yi ranar. Da muka gama Madam ta sallame ni da hannu sake, ta kwance bakin zani ta ba ni katina, ya sha taɓo ya lanƙwashe.

Mama Ladi ba ta ce mini sannu ba. Wayarta kawai ta miƙo.

"Yau kam ba gobe."

Na kira. Rakiya tana jin muryata ta fashe da kuka, ta ce sun ɗauka na mutu a hanya. Na gaya mata komai, har da turin motar. Ta ce kaya ne, Allah zai mayar. Sai ta yi ƙasa da murya, cikin jin kunya, ta ce akwai labari. Bayan tafiyata ta je asibiti, an ce tana da juna biyu. Shekararmu shida da aure muna jira. Na zauna daɓas a kan buhun masara.

Washegari da na koma gareji, Baba Pam ya sa Bitrus ya jawo wata tsohuwar durowar ƙarfe, ya ɗora makullinta a tafin hannuna. Kayan aikinsa ne na shekara arba'in.

"Ni ina da kunne da yatsa, kai kana da ido da ƙarfi. In Abuja ba ta matsa maka ba, zauna mu gwada."

Na zauna. Ya ba ni ɗaki a gidansa a Unguwar Boro, kullum da safe in riƙo hannunsa mu hau keke zuwa gareji. Abin da na koya a wajensa cikin watannin nan ya fi na shekaru. Motoci suka fara dawowa gindin mangwaro. Bayan Kirsimeti 'ya'yansa suka kai shi aka yi masa aiki a ido ɗaya, ya fara gani dishi-dishi. Ranar da aka cire bandejin ya ƙura mini ido ya ce, "Ashe haka kake da rama? Muryarka ta fi ka ƙiba."

Da bazara Rakiya ta sauka, namiji. Lokacin iyaka a rufe take, ba halin tafiya. Na yi kwana shida ina aiki ba na son magana da kowa. Ranar suna na ce wa Baba ya yi gaba, zan biyo shi. Na zauna a ɗaki har rana ta ɗaga, sannan na ja ƙafa na tafi gareji, da niyyar in shige ƙarƙashin mota har yamma.

Tun daga nesa na ji kukan rago. Yana ɗaure a jikin mangwaro. An share garejin, an jera benci. Madam Rifkatu tana kan wata ƙatuwar tukunya tana ba da umarni, Mama Ladi ta zo da matan Kakau cike da bayan mota, Bitrus yana wasa wuƙa a kan dutse.

"Ɗan Faransa, ka makara," in ji shi. Ya miƙo mini wuƙar. "Kai za ka yanka. Mu ba mu iya irin naku ba."

Na karɓa. Na yi alwala, na fuskanci gabas, na yanka da sunan ɗana Abdullahi.

Ana cikin cin abinci ƙanin Rakiya ya kira ta bidiyo. Ga tsakar gidanmu, ga Rakiya da lalle, ga tsohuwa rungume da jariri. Wayar ta yi ta yawo hannu zuwa hannu, kowa yana yi wa mai jego barka. Da ta iso wajen Baba Pam sai ya kai ta dab da idonsa mai gani, ya daɗe yana kallo.

"Wannan hannun bakanike ne," in ji shi. "Dubi yadda ya dunƙule shi."

Tsohuwa ta matso da fuskarta. "Laminu, wane ne wannan mai magana?"

"Kakansa ne, Inna."

Ta ƙura wa farin kan nan ido. Sannan ta gyara wa jaririn kwanciya, ta juyo da fuskarsa sosai wajen wayar.

"To, ka ce masa ya sa wa yaron albarka."

Baba Pam ya miƙe a kan sandarsa, ya cire hula. Kowa ya ajiye kwanonsa. Ya yi addu'a mai tsawo da yarensu na Filato, ban ji ko kalma ɗaya ba sai sunan Abdullahi. Da ya kai ƙarshe, mu da ke Romi da su da ke Damagaram muka ce amin.